Sunan Da Sanaba Ta Tsallake

Can yamma da mu, a ƙasar Mande, inda babban kogi yake lanƙwasa kafin ya miƙo gabas, an yi wani birni wai shi Tinkoro. Yau ko tubalinsa ba a samu. To a zamanin da Mansa Dantuma yake kan gado, akwai wata mawaƙiyar fada, Sanaba Kamisoko. Su can jeli suke ce wa irinta. Gadon gida ne, ba a shiga ba a fita. Su ke riƙe da sunayen iyaye da kakannin kowa a ka, kuma ko a tsakiyar yaƙi ba a ɗaga musu takobi. In an ci gari, sai dai a tafi da jeli cikin ganima, ya je ya yi wa sabon ubangida waƙa.

Kai, muryar Sanaba! An ce in ta ɗaga ta a ƙofar fada, mata masu wanki a bakin kogi sai su tsaya da bugu. Mijinta Lansine, wani tsoho siriri mai yawan tsaki, shi ke kaɗa mata ɗan molon nan nasu da suke kira ngoni. Ita ce kuma bakin sarki, don Mansa ba ya ɗaga murya a fada. Sai ya yi magana ƙasa-ƙasa, ita ta ɗauka ta watsa wa jama'a.

Duk birnin nan ba wanda take ji da shi kamar Sarkin Yaƙi Namori, ɗan baffan Mansa. Mahaifiyarsa a wurin haihuwarsa ta rasu, uwar Sanaba ce ta shayar da shi. Nono ɗaya suka sha, zane ɗaya aka goya su da shi. A fada tana ce masa Sarkin Yaƙi, a gida kuwa Yaya.

Wata ranar Alhamis a ƙarshen bazara, kogi ya janye har duwatsun Mashigin Kada sun fito fili, sai ga manzo daga Sagala. Ko takalmi bai cire ba. Ya dire ƙwarya cike da jar ƙasa a gaban Mansa, ya ɗora kibiya a kai, ya ce:

"Fama Bugari na Sagala, mai dawaki dubu huɗu, yana gaida ƙanensa Mansa Dantuma. Ya ce ga ƙasar ƙofar fadarsa. In ƙanensa ya ɗiba ya zuba a ka, na gani da idona, to Tinkoro ta zauna lafiya. In kuwa ƙasar ta yi masa nauyi, ga kibiya ya riƙe, 'yan'uwanta suna tafe."

Aka fitar da manzo, majalisa ta zauna. Namori ya fara magana.

"Ranka ya daɗe, Zaki, ƙasa dai ba za mu zuba ba. Amma kada mu fita. Ganuwarmu tana da kauri, rumbunanmu a cike suke. Kwana ashirin ya rage ruwa ya sauka. In kogi ya kawo, dawakin Sagala ko su koma ko su nutse. A lokacin sai ka sake ni a kansu."

Waziri Sibiri ya gyara zama. Mutum ne mai taushin murya, kullum da carbi a hannu, ba a taɓa ganin ya ƙarasa ja ba.

"Allah ya ba ka nasara, ashe Sarkin Yaƙinmu ya koma duban hadari? A naɗa shi Sarkin Noma mana. Kakanka da ya kafa garin nan a mashigi yake tarbar baƙonsa, ba a bayan katanga ba. Me za a ce a Sagala? A ce an aiko wa Mansa da kibiya ya shige ɗaki ya ja ƙyaure?"

Namori ya dube shi sama da ƙasa. "Waziri, tabo nawa ne a jikinka, in an cire na wanzami?"

Fada ta ɗauki dariya, har dogarai suna rufe baki da hannun riga. Sanaba ba ta yi dariya ba, don tana tsaye kusa da gado, ta ga fuskar Mansa. Ba Waziri yake kallo ba. Kallon masu dariyar yake yi ɗaya bayan ɗaya, yana ganin yadda idonsu duk ya koma kan ɗan baffansa. Sai Mansa ya motsa leɓe, ta sunkuya ta ji, dole ta ɗaga murya ta faɗa:

"Mansa ya ce gobe da hantsi za a yi Waƙar Likkafani!"

Ita wannan waƙa ba ta biki ba ce. Gidaje bakwai ne suka kafa Tinkoro, to sai jeli ta bi su ɗaya bayan ɗaya, a jere, ta kira namiji guda a kowane gida, sau uku. A kira na uku zai miƙe, ya yi taku uku, a ɗaura masa likkafaninsa a kugu. Daga nan shi da mutanen gidansa sai fagen fama, ba ya dawowa sai da nasara ko a kan makara. Wanda ba a kira ba, ba ya tashi. Sau ɗaya ake yin ta a yaƙi ɗaya. Kuma daga lokacin da aka miƙa wa jeli goron waƙar, ba ta magana da kowane jarumi sai ta sauke ta.

Waziri da kansa ya kawo goron, fari guda bakwai, ya tare ta a soron fada.

"Gida na uku, kin san wa za ki kira."

"Namori ne kaɗai namijin da ya rage a jinin gidan ai, Waziri."

"To kin ga an hutar da ke zaɓe."

"Sauran runduna fa? Za ta bi bayansu?"

"Sauran runduna tana birni, tana tsaron Mansa."

"Dawaki dubu huɗu aka ce fa. Gidaje bakwai ko dubu ba su cika ba."

Ya ɗan ja carbi. "Jeli, ke aikinki murya ne. Ki bar mana ƙirga."

Aka kai ta ɗakin kayan kiɗa, aka sa dogari a ƙofa. Lansine ne kaɗai aka bari ya shiga. Yana zaune yana ɗaure molo da la'asar, sai ji suka yi tas! tsirkiya ta tsinke. Sanaba ta zabura.

"Wacce ce?"

Ya ja tsaki. "Ta uku. Tsohuwa ce, tun bara nake cewa zan canza."

"Ta uku, Malam. Gida na uku. Ka gani ko? Yanka shi za su yi da bakina. Ni zan kira shi, ya tashi, su tura shi mashigi su rufe ƙofa, a ce waƙa ce ta kai shi."

"To ya za ki yi? Goro yana hannunki."

"Tsallake shi zan yi."

Lansine ya ajiye molon a hankali. "Sanaba, shekara arba'in ina kaɗa waƙar nan, ubana ya kaɗa, kakana ya kaɗa. Ba a taɓa tsallake gida ba. Kin san ma'anarsa. Kin ce gidan babu namiji. Za a karɓe masa tambari, mutanensa ba za su bi shi ba, ba jelin da zai ƙara ambatonsa a filin daga."

"Abin da nake so ke nan! Ba tambari, ba mutane, ina zai je? Dole ya zauna a gida. Kwana ashirin ne fa. In ruwa ya sauka kowa zai ga gaskiyarsa, su da kansu za su zo suna roƙonsa. A lokacin zan yi masa waƙar da za ta wanke shi tas. Ni na ɓata, ni zan gyara."

"Kin san sunan kakanninsa goma sha biyu," in ji Lansine, "amma shi ba ki san shi ba."

Ta juya masa baya. Ya ja tsaki, ya ɗauko sabuwar tsirkiya.

Washegari da hantsi ƙofar fada ta cika maƙil, har kan katanga mutane ne. An shimfiɗa tabarma, an jera fararen zannuwa bakwai. Lansine ya taɓa molo, wurin ya yi tsit. Sanaba ta fito cikin baƙin zane, ta ɗaga hannu ɗaya sama, ta saki murya:

"Farin zane ya fito daga masaƙa,
ba na amarya ba ne, ba na suna ba.
Masaƙi ya ce bai auna kowa ba,
mai shi ne zai tashi ya ce nawa ne."

Wallahi an ce har dawakin da ke ɗaure sun daina kaɗa jela. Ta shiga gida na farko, ta jero kakanni, ta kira ɗansu sau uku, ya miƙe, mata suka rangaɗa guɗa. Ta shiga na biyu, shi ma ya tashi aka ɗaura masa. Ta juyo. Namori yana zaune a gaba, ya riga ya zare takalmansa, ya dafa gwiwa da hannu, yana mata ɗan murmushin nan da yake yi tun suna yara in an zuba musu tuwo a akushi ɗaya. Mutanen gidansa ɗari uku suna bayansa, kowa ya riƙe mashi, jira kawai suke.

Ta rufe ido, ta kama kakannin gida na huɗu.

Hannun Lansine ya yi tuntuɓe a kan molo, sannan ya ci gaba. Ba guɗa. Jarumin gida na huɗu ma sai da aka zungure shi ya tashi, yana waige-waige. Ta yi na biyar, ta yi na shida, ta yi na bakwai, ta sauke waƙa. Zane ɗaya ya rage a tabarma, iska tana ɗaga gefensa. Namori bai motsa ba. Hannunsa yana nan a kan gwiwa.

Waziri ne ya fara magana, kuma Sanaba ta ga yadda yake danne fara'a. Abin da ya samu ya fi abin da ya nema.

"Ranka ya daɗe, ba mu muka faɗa ba. Bakin jeli ne, kuma jelin da suka sha nono ɗaya. In ita ta duba gida na uku ba ta ga namiji ba, wa zai ce ya fi ta sani?"

Mansa ya motsa leɓe. Sanaba ta sunkuya, ta ji, kuma da bakinta ta faɗa wa Tinkoro cewa a karɓo tambarin yaƙi daga gidan Namori. Mutanensa ɗari uku suka kifa masunsu ƙasa, suka watse kowa kansa a sunkuye.

Ana tashi ta ruga gidansa, ko mayafi ba ta gyara ba. Ta same shi a bargar doki shi kaɗai, yana ɗaura sirdi da hannunsa. Ya kwance rawaninsa fari, ya naɗe shi a kugu.

"Yaya! Yaya, tsaya ka ji. Tarko ne. Waziri da bakinsa ya gaya mini runduna ba za ta fita ba. Kashe ka za su yi, shi ya sa!"

"Na sani," ya ce, bai juyo ba. "Tun a majalisa na gane. Ina da mutum ɗari uku da suka san kowane dutse a mashigin nan. Da na tsaya da su, na ga yadda zan yi."

"To ka zauna mana! Kwana ashirin kawai. In ruwa ya sauka zan wanke ka a gaban kowa."

Sai a lokacin ya juyo. Ba fushi a fuskarsa, abin da ya fi ƙona ta ke nan.

"'Yar Inna, kunne nawa ne suka ji ki yau? Za ki bi su gida-gida ki ce wasa kike? 'Ya'yana mata suna kan katanga suna kallo. Kwana ashirin kike so in zauna, yara suna leƙe ta ƙofa su ga mutumin da jelinsa ta tsallake?"

"To bari in kira ka yanzu! Nan, sau uku!"

"Ba a yin ta sau biyu a yaƙi ɗaya. Ke kika koya mini, muna yara, a bayan rumbun Inna."

Ta riƙe linzamin tana kuka. Ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar yadda ake karɓe wuƙa a hannun ƙaramin yaro.

"Da Waziri ne ya kashe ni, da da sunana zan tafi. Matsa, kada doki ya taka ki."

Kwana biyu bayan nan Sagala ta iso. Jelolin Tinkoro suna kan tudu a bayan mashigi, kamar yadda aka saba, kowa yana kwarara kirarin ubangidansa don abokan gaba su san da wa suke karawa. Sanaba tana cikinsu. Ta ga dawakin Fama Bugari sun rufe gaɓar can kamar fari sun sauka a gona. Jarumai shida da mutanensu suka tare su a ruwa. Sun yi, wallahi sun yi, amma ba wanda ke tsara su. Gida na biyu ya kutsa gaba, na biyar ya ja hagu, aka shiga tsakaninsu. Kafin rana ta take, likkafani shida duk sun sami masu su.

Sai ga mutum ɗaya a kan baƙin doki, ya rufe fuska da ƙyalle, farin rawani a kugu, ba tuta, ba tambari, ba jeli a bayansa. Ya je ya tsaya a matsatsin nan tsakanin manyan duwatsu biyu, inda doki biyu ba sa wucewa a jere. Na farko ya zo, ya faɗi. Na biyu ya zo, ya faɗi a kansa. Aka kashe dokinsa, ya tsaya da ƙafa, ruwa iya gwiwa. Mashinsa ya karye, ya zare takobi. Rundunar dubu huɗu ta cunkushe a bayan dutse tana jiran mutum ɗaya, tun daga tsakar rana har inuwa ta fara tsawo.

Sanaba ta buɗe baki. Lansine ya damƙe mata hannu.

"Kul! Wanda aka tsallake ba a yi masa kirari a daga. Ke kika ɗaure bakinmu duka."

Jeloli goma sha ɗaya a kan tudun nan, ba wanda ya ce uffan. Haka suka tsaya suna kallo shiru, har aka hau duwatsun aka yi masa ruwan kibau daga sama.

Tinkoro ba ta yi ko kwana ɗaya a kulle ba. Waziri Sibiri ne ya buɗe ƙofar gabas da hannunsa, ashe tun kafin zuwan manzo sun gama magana da Sagala. Da safe Fama Bugari ya zauna a kan gadon Tinkoro. Aka kawo ƙwaryar nan ta jar ƙasa, Mansa Dantuma ya durƙusa ya ɗiba ya zuba a ka, sau uku, a gaban matansa da bayinsa. Aka naɗa wa Waziri rawani a wurin, ya riƙe garin a madadin Sagala. Sannan aka shigo da ganima, jeloli a gaba.

Fama Bugari dattijo ne mai ido ɗaya, muryarsa kamar ana jan dutse. Shi ba ya bin ta bakin kowa, da kansa yake magana.

"Wace ce Sanaba? Ke ce? Labarin muryarki ya riga ki zuwa Sagala. Daga yau ke tawa ce. Amma kafin ki yi mini waƙa, akwai abin da ya hana ni cin abinci." Ya yi nuni, aka shigo da makara, an rufe ta da farin rawani wanda ya rine da jini. "Mutumin nan ya kashe mini talatin da ɗaya, har da ɗan ƙanwata. Na rantse da kabarin ubana, da yana da mutum ɗari uku a bayansa, da ban ƙetare ruwan nan ba, da yanzu ina hanyar gida. Na iske shi da sauran numfashi. Na ce, jarumi, faɗa mini sunanka in sa a yi maka waƙa a Sagala. Kin san abin da ya ce? Ya ce, ba ni da suna, jelina ta tsallake ni."

Sabon mai rawani ya yi gyaran murya. "Allah ya ba ka nasara, wani ne kawai da..."

"Ba kai na tambaya ba, mai buɗe ƙofa. Jeli, ku ne ma'ajiyar sunaye. Wane ne?"

Sanaba ta dubi makarar. Ƙafafunsa sun leƙo ta ƙasa, ba takalmi. Ta waiwaya ta dubi Lansine. Tsohon bai ja tsaki ba, ya zauna a ƙasa, ya ɗora molo a cinya, ya kama daidai inda hannunsa ya yi tuntuɓe rannan.

Ta shiga gida na uku. Ta jero kakanni goma sha biyu, ba ta bar ko ɗaya ba, muryarta tana fita ta ƙofar fada, ta bi kan katanga, ta gangara har bakin kogi. Mayaƙan Sagala da ba su san waƙar ba suka sauke masunsu. Mutanen Tinkoro da suka san ta suka rufe fuska. Can gabas hadari ya haɗo baƙi ƙirin, kwana goma sha shida kafin lokacin da ake zato, iska mai ƙanshin ruwa ta shigo soron.

"Namori ɗan Faran!"

Ta jira, kamar yadda ake jira.

"Namori ɗan Faran!"

Molo ya yi ƙasa. Ta ja numfashi, ta ɗaga hannu ɗaya sama, ta yi kira na uku, wanda a kansa ake miƙewa.

"Yaya Namori!"

Ta tsaya da hannunta a sama, tana kallon makarar, ta ba shi lokacin taku uku. Ba wanda ya tashi.